Wiwi a Bayan Sitiyari: Abin da Na'urar Gwaji Ba Ta Iya Faɗa wa Jandarma

Motar da ta taso daga Yamai za ta Damagaram sai ta ratsa Gidan Rumji, ta gota mararrabar Maraɗi, ta bi ta Cadawa da Agiye da Gazawa kafin ta kai Tasawa. Hanyar ƙasa mai lamba ɗaya ke nan. Kwalta guda ce, mai zuwa da mai dawowa, kuma kowa a kanta yake: manyan bas-bas masu tashi tun asuba, tireloli, ƙananan motocin haya da aka lafta wa buhunan aya da wake har kaya sun fi mota tsawo, 'yan kabu-kabu, amalanken shanu, da yara masu kora awaki daga wannan gefe zuwa wancan. Ranar kasuwa kuwa, kwaltar kanta takan zama wani ɓangare na kasuwar.

A shingen jandarma abin da ake tambaya sananne ne: permi, takardun mota, asuransi. A duba taya, a leƙa kaya, a ɗaga igiya. Takardu suna shaidar mota, amma babu wadda take faɗin halin da kan direba yake ciki. Idan ya zuƙi tabar wiwi a bayan tasha rabin sa'a kafin ya tayar, da me jami'i zai gane? In ma ya gane, da me zai tabbatar gaban alƙali?

A Nijar wiwi haramtacciya ce. Dokar ranar 23 ga Satumba 1999 ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta hana noma ta, da sayar da ita, da shan ta, malamai kuma ba su taɓa sassauta magana a kan abin maye ba. Hani dai bai kawar da ita daga hanya ba. A watan Maris na 2021 hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ta OCRTIS ta kama tan 17 na ƙullin wiwi a wani sito a Yamai, kayan da aka ce sun shigo ta tashar ruwan Lome za a wuce da su Libiya. A ƙetaren iyaka, binciken da gwamnatin Najeriya ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya na UNODC a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha. Gazawa tana maƙwabtaka da jihar Katsina, kuma tsakanin Ɗan Isa da Jibiya mutane da motoci a cuɗe suke.

Akwai ƙasashen da wannan tambaya ta shaƙe wa wuya fiye da Nijar, wato waɗanda suka halatta wiwi. Jihohin Kolorado da Washinton a Amurka sun jefa ƙuri'ar halatta ta a 2012, Yurugwai ta yi doka a 2013, Kanada ta buɗe shaguna ranar 17 ga Oktoba 2018, Jamus ta bi sahu a Afrilun 2024. A Afirka ta Kudu kotun tsarin mulki ta yarje wa baligi ya sha a cikin gidansa tun 2018. Da zarar an halatta abu, samun sa a aljihun mutum ya daina zama laifi, sai a koma neman hujjar cewa ya hau mota a buge. Waɗannan ƙasashe sun zuba kuɗi da masana cikin neman wannan hujja fiye da shekara goma. Abin da suka tarar ya kamata ya isa kunnen duk mai shirin sayo wa shingen Agiye na'ura.

Giya ta gwadu, wiwi ta ƙi

A 1954 wani jami'in 'yan sandan jihar Indiyana, Robert Borkenstein, ya ƙera na'urar da direba zai busa a gane yawan barasar da ke jininsa. Bayan shekara goma ya jagoranci bincike a garin Grand Rapids, wanda ya nuna cewa yayin da barasa take ƙaruwa a jini, haɗari ma ƙaruwa yake yi, taki da taki. Shi ya sa Faransa ta iya cewa rabin giram a litar jini shi ne iyaka, kowa ya yarda. Barasa tana narkewa a ruwan jiki ta bazu ko'ina daidai wa daida, abin da ke numfashi yana nuna abin da ke jini, abin da ke jini yana nuna abin da ke ƙwaƙwalwa, kuma hanta tana ƙone ta a hankali bisa lissafin da aka sani.

A wannan shekara ta 1964 ne kuma Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware sinadarin da ke sa maye a wiwi, wanda ake kira THC. Halinsa daban ne. Barasa kamar gishiri take a cikin ruwa, shi kuwa kamar man gyaɗa ne, ba ya zama a ruwa, kitse yake nema. Mai zuƙa bai gama ƙone naɗin ba sinadarin ya kai ƙololuwa a jininsa. Daga nan sai ya fice da sauri ya shige ƙwaƙwalwa da kitsen jiki. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016 ya ga ya ragu a jini da fiye da kashi 70 cikin ɗari a rabin sa'a, da kusan kashi 90 kafin sa'a ɗaya da rabi. A daidai lokacin kuwa mutum yana tsakiyar maye.

Wannan ya haifar da matsala biyu masu karo da juna. Wanda ba ya sha sosai, ya zuƙa yau ya yi haɗari, kafin a kai shi asibiti a ɗebi jini abin ya kusa ɓacewa, takarda ta wanke shi. Wanda ya daɗe yana sha kullum, kitsensa ya tara, yana sakin sinadarin kaɗan-kaɗan, har ana samun sa a jininsa bayan mako guda ko fiye da dainawa. Fitsari ya fi haka ruɗi, domin abin da ake gani a cikinsa ragowa ce wadda ba ta sa maye, kuma takan kai kusan wata guda a jikin mashayi. Gwajin fitsari yana amsa tambayar ko mutum ya sha a 'yan kwanakin nan. Ba ya amsa ko a buge yake lokacin da ya riƙe sitiyari.

Duk da haka dole doka ta tsayar da lamba, sai kowace ƙasa ta tsayar da tata. Ana auna THC da nanogiram, wato kashi ɗaya cikin biliyan na giram, a kowace mililitar jini. Ingila ta sa 2 tun Maris 2015. Washinton ta sa 5. Kanada ta yi mataki biyu, daga 2 zuwa 5 ƙaramin laifi, daga 5 zuwa sama babba. Jamus ta zaɓi 3.5 a ruwan jini a 2024. Faransa ba ta sa lamba ba sam, tun dokar Fabrairun 2003 da ake kira da sunan Marilou, yarinya 'yar shekara 9 da wani direba mashayin wiwi ya yi sanadin mutuwarta: ko ɗigo aka samu, laifi ya tabbata. A 2016 gidauniyar AAA mai binciken lafiyar hanya a Amurka ta bi waɗannan lambobi ta ce babu wadda kimiyya ta tsaya wa.

Abin da take yi wa mai tuƙi

A tasha ana jin masu cewa wiwi natsuwa take ƙara musu, ba ta sa su gudu. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, kuma shi ya sa take da haɗari. Gwaje-gwaje sun nuna mai maye da barasa yana ƙara wuta yana kutsawa, shi kuwa mai wiwi sau da yawa rage gudu yake yi, ya bar tazara. Amma motarsa tana yawo a cikin layi, hankalinsa ba ya iya rabuwa gida biyu, lissafin nisa da na lokaci yana kuɓuce masa, kuma ƙafarsa tana jinkirin zuwa birki idan abu ya faɗo ba zato.

Mota mai gudun kilomita 90 a sa'a tana cin mita 25 a daƙiƙa guda. Jinkirin rabin daƙiƙa mita 12 da rabi ne. A hanyar da amalanke yake fitowa daga gona da almuru ba fitila, ko jaki ya tsaya tsakiyar kwalta, wannan tazara ita ce tsakanin tsayawa da karo.

A Faransa an bi direbobi 10,748 da suka shiga haɗarin da aka rasa rai tsakanin 2001 da 2003. Wiwi ta kusa ninka yiwuwar mutum ya zama shi ne mai laifin haɗarin, barasa ta ninka fiye da sau takwas, haɗa su biyun kuma ya kai kamar sau 14. Wasu binciken na baya sun sami adadin wiwi ƙasa da haka, amma sun haɗu a kan cewa haɗawa da wani abin maye ita ce mafi muni.

Abin da ya fi tayar da hankali ya fito daga Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego a 2022. An ba mashaya 191 naɗi, wasu na gaske, wasu wanda aka cire wa sinadarin, aka zaunar da su a kujerar tuƙi ta kwamfuta. Bayan sa'a ɗaya da rabi kusan kashi 70 cikin ɗari na waɗanda suka sha ta gaske sun ce sun warware, za su iya hawa hanya, alhali tuƙinsu bai gyaru ba ko kaɗan. Sai da aka kai sa'a huɗu da rabi kafin su yi daidai da sauran. Wanda ya ci ta a abinci kuwa, mayen yana jinkirin zuwa, yana kuma daɗewa fiye da haka. Direban da ya ce wa yaron motarsa ta sake shi, da gaske yake jin haka, kuma kuskure yake yi.

Sandar yawu da idon jami'i

Jihar Biktoriya a Ostareliya ce ta fara tare direbobi a hanya tana gwada yawunsu, a Disambar 2004. Faransa ta soma a 2008. Kanada ta amince da na'urar Dräger DrugTest 5000 a 2018. Jami'i zai yage leda ya miƙa wa direba 'yar sandar roba mai soso a baki. Direba ya riƙa goga ta tsakanin kunci da dasashi har alamar da ke jikinta ta koma shuɗiya, sannan a zura ta cikin akwatin na'ura. Kafin minti goma allo ya nuna akwai ko babu. Sandar ba a maimaita ta, kowane direba da tasa, kowace kuma da kuɗinta.

Abin da sandar take tsinta galibi ragowar hayaƙi ce da ta manne a baki. Ta fi fitsari kusa da gaskiya, domin tana nuna shan da bai daɗe ba, amma ba ta auna maye, kuma tana kuskure. A Nowe, da aka gwada sakamakonta da na jini, kusan mutum ɗaya cikin bakwai da ta nuna suna da wiwi jininsu bai kai haddin doka ba, ta kuma tsallake kusan kamar haka na waɗanda suka kai. Saboda wannan ne Kanada ba ta hukunci da sandar yawu kaɗai, sai an bi da gwajin jini ko binciken ƙwararren jami'i.

Wannan bincike da ido ake yin sa. Jami'i zai sa direba ya yi taku tara a kan layi, diddige na taɓa yatsu, yana ƙirgawa da baki, ya juya ya dawo. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya tsaya daƙiƙa talatin. Ya bi bakin biro da ido ba tare da juya kai ba, har a kawo biron kan karan hancinsa a ga ko idanun za su haɗu. Ya rufe ido ya ɗaga kai, ya faɗa idan ya ji daƙiƙa talatin ta cika. Ana duba rawar fatar ido da bugun jini. 'Yan sandan Los Anjeles ne suka fara tsara wannan a shekarun 1970, yau ya zama matakai 12 da ake koyarwa a Amurka da Kanada.

Shi ma ido yana ruɗuwa. Masanan San Diyego sun kawo ƙwararrun jami'ai a binciken da suka buga a 2023. Jami'an sun ce kashi 81 cikin ɗari na waɗanda suka sha ta gaske a buge suke. Sun kuma faɗi haka a kan kashi 49 na waɗanda ba su sha komai mai sa maye ba. A ƙasar da hunturu yake cika ido da ƙura, direba kuma ya kwana yana tuƙi, jan ido kaɗai ba shaida ba ne.

Bayan halattawa

Ƙididdigar ƙasashen da suka halatta ta nuna abu ɗaya a fili: direbobin da ake samu da THC sun ƙaru. A Washinton, cikin direbobin da suka shiga haɗarin da aka rasa rai, masu ɗauke da shi sun tashi daga kusan kashi 9 cikin ɗari zuwa 18. A lardin Biritish Kolombiya na Kanada likitoci sun auna jinin direbobin da aka kawo asibiti da rauni, suka ga masu nanogiram 2 ko fiye sun tashi daga kashi 3.8 zuwa 8.6. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta lissafa a 2022 cewa haɗarin da ake jin rauni ya ƙaru da kusan kashi 6 cikin ɗari a jihohin da ta duba, ko da yake jiha da jiha sun bambanta ƙwarai.

Waɗannan ƙasashe sun san haka ne saboda suna ɗibar jini bayan haɗari suna rubutawa, tun kafin doka ta sauya. Muhawarar halatta wiwi kuma tana matsowa kusa da Nijar. Lesoto ta ba da lasisin noma don magani a 2017, Maroko ta yi doka a 2021, Gana ta yarda da noman irin da sinadarinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. A Najeriya tsohon gwamnan Ondo, marigayi Rotimi Akeredolu, ya yi ta kiran a halatta noma don magani, shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA Buba Marwa yana cewa a'a.

Abin da ya dace da wannan hanya

Wanda zai kawo gwajin bakin hanya tsakanin Gidan Rumji da Gazawa, abu na farko da zai ci karo da shi rana ce. An ƙera Dräger ta yi aiki tsakanin digiri 4 da 40. 'Yan Kanada sanyi suka yi kuka da shi. A jihar Maraɗi watan Afrilu da Mayu zafi yana haura 40 a inuwa, balle akwatin da aka ajiye cikin mota a bakin kwalta. Sandunan gwajin ma suna da ranar lalacewa da ƙa'idar ajiya.

Na biyu, tramol. Wanda ya san tasha da garejin kabu-kabu ya san ba wiwi kaɗai ce a fagen ba. Likita yana rubuta tramol mai miligiram 50 ko 100, wanda ake safara kuwa yakan kai 200 ko 225. Ana shan sa don kashe gajiya da korar barci, kuma idan ya yi yawa yana jefa mutum cikin farfaɗiya ba gargaɗi. Binciken Najeriya na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 masu shan irin waɗannan magungunan kashe ciwo ba bisa ƙa'ida ba. Sandunan yawu na yau da kullum, waɗanda aka yi don kasuwar Turai, wiwi da hodar iblis da hiroyin da amfetamin suke nema, tramol yana wuce su sai an sayi mai nemansa takamaimai. Na'urar da ta kama mai wiwi ta saki mai tramol ta yi rabin aiki.

Na uku, nisa. Daga Agiye zuwa Maraɗi kilomita 80 ne ko kusa, zuwa Yamai fiye da 700. Jinin da za a kafa hujja da shi dole a ɗebe shi da wuri, a asibitin gunduma mafi kusa, a rubuta sa'ar haɗari da sa'ar ɗiba, a ajiye shi a sanyi har ya isa ɗakin gwaji. In ba haka ba, direba mai gaskiya zai rasa abin kare kansa, mai laifi kuma ya sami mafita. Direban haya talaka ne, permi ita ce gonarsa. Sakamakon 'yar sandar roba bai kamata ya raba shi da abincin iyalinsa ba tare da tabbaci na biyu, kuma duk gwajin da ba a rubuta sakamakonsa a littafi ba yana buɗe ƙofar ciniki a bakin hanya.

Akwai abin da ba ya jiran na'ura. Horar da jandarmomi da 'yan sanda gwajin taku da tsayuwa ba ya buƙatar komai sai biro da agogo da takardar cikewa, muddin an ɗauke shi a matsayin dalilin tsayar da mota, a sa wani ya karɓi tuƙi, ba hukunci ba. Sandikar direbobi da 'yan kamasho sun fi kowane jami'i sanin wanda yake zagayawa bayan rumfa kafin lodi ya cika, kuma su ke da ikon hana shi layi. Kamfanonin bas suna iya sa direba biyu a doguwar tafiya, domin gajiya ce take tura da yawa ga ƙwaya. Fasinja ma yana da bakin magana, ko dattijo ne ya ce wa direba ɗana, tsaya ka huta, ko a sauka gaba ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a hanya a 2021, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, kusan mutum 19 cikin kowane dubu ɗari. Nijar tana da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER, tana da OCRTIS, tana da asibitocin gunduma a kan wannan hanya da manyan asibitocin Maraɗi. Idan suka haɗa hannu aka riƙa ɗibar jinin kowane direban da aka kawo bayan mummunan haɗari, na mota da na babur, shekara guda ko biyu, ana neman wiwi da tramol da barasa tare, za a san wanne ne ya fi yawa tsakanin Gidan Rumji da Gazawa, a wane lokaci na yini, kuma a hannun wane irin direba. Da wannan lissafi ne za a yanke irin sandar da za a saya, da yawanta, da shingen da za a fara kai ta.